Filin Allura da Zare: Shatin Alli Yana Gogewa Kafin In Gama Ɗinkin Bargo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Anti. Ni tela ce, na fi shekara goma ina ɗinka zannuwan gado da rigunan filo, amma bana ne na fara gwada bargo mai auduga a tsakiya, irin wanda ake bin samansa da ɗinki ana fitar da furanni da ganyaye. Ina so in yi wa ƙanwata guda ɗaya na gado shida da shida, a sa mata cikin kayan ɗaki bayan Babbar Sallah. Yadin shuɗi ne mai duhu. Kwana biyu na yi ina zana masa furanni da allin tela daga wannan baki zuwa wancan, sannan na haɗa shi da auduga da shafi, na soma ɗinki da hannu daga tsakiya. Ban ci kashi ɗaya cikin huɗu ba sai na tarar zanen gefe ya dushe, wani wurin ma ko alamarsa babu. Na sake zanawa, ya sake gogewa. Wata maƙwabciyata ta ce in fesa masa abin da ake fesa wa gashi, wata kuma ta ce in bi shi da biro in huta. Wace shawara za ki ba ni?
Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a wannan aure, ya kuma saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya, domin duk wadda ta taɓa zama a kan bargo da allura ta san cewa aikin makonni kika ɗauko. Kafin komai, ki ajiye maganar biro gefe guda. Tawadar biro tana da maiƙo, tana shiga cikin zaren yadi ta zauna, kuma ɗinkin bargo siriri ne, ba zai rufe ta ba, saboda haka layin zai ci gaba da leƙowa tsakanin ɗinki da ɗinki muddin bargon yana nan.

Abin da ya same ki ba sakacinki ba ne, halin alli ne. Alli gari ne da aka danne wuri guda, idan kika ja shi a kan yadi sai ƙurarsa ta maƙale a saman gashin zare, babu abin da ya manna ta. Dalilin da ya sa tela ke son sa ke nan, domin yana fita ba tare da rigima ba. Mai yankan riga tana shata layi, ta bi shi da almakashi cikin minti biyar, an gama. Ke kuwa kina neman wannan ƙurar ta jira ki wata guda, alhali kullum sai kin naɗe bargon kin warware, hannun rigarki yana goga a kansa, gumin tafinki yana taɓa shi, fanka tana kaɗawa, da dare kuma ki ninke ki ɗora a kan kujera. Ga kuma audugar da ke ƙasa, wadda take lotsawa ta dawo duk lokacin da kika danna, tana kakkaɓe garin daga ƙasa kamar yadda ake kakkaɓe tabarma. In da hunturu ne abin ya fi muni, saboda busasshen yadi ba ya riƙe gari ko kaɗan.

Don haka shawarata ta farko, wadda na fi ba wa muhimmanci a kan duk sauran, ita ce ki daina zana bargon gaba ɗaya da alli. Ki zana iyakar abin da za ki iya ɗinkewa a zama ɗaya, wato fure ɗaya ko biyu, wurin da bai wuce faɗin faranti ba, ki ɗinke shi, sannan ki matsa gaba ki zana na kusa da shi. Allin da bai kwana a kan yadi ba ba ya samun damar gogewa. Haka matan yankin Wales na Birtaniya, waɗanda suka yi suna a wannan sana'a, suke yi a da: suna ɗaure bargon a kan katako, su zana ɓangaren da ke gabansu da alli, su ɗinke, su naɗe, su buɗo wani ɓangaren. A arewacin Ingila kuma a da akwai waɗanda sana'arsu ita ce zana bargo gaba ɗaya wa wasu su ɗinka. Fitattu a cikinsu su ne George Gardiner na garin Allendale da almajirarsa Elizabeth Sanderson, wadda ta rayu daga 1861 zuwa 1934. Da yake yadin da suka zana sai ya yi tafiya zuwa wani gari, ya kuma daɗe a hannun mai ɗinki, shuɗin fensir suke amfani da shi. Ya kuwa riƙe, har ya wuce yadda ake so, domin har yau ana ganin shuɗin layin a jikin barguna da yawa da suka haura shekara ɗari. Kin ga ke nan duk abin da zai zauna daram tsawon wata guda, fitarsa ma sai an sha wahala.

Na san abin da za ki ce, cewa idan kina zanawa kaɗan-kaɗan furannin za su karkace, na dama ya fi na hagu girma, jeri ya ɓace. Maganin wannan abu biyu ne. Na farko, ki yanke siffar kowane fure da ganye a kwali mai kauri, irin na kwalin takalmi, ko a farar roba mai laushi ta murfin fayil, ki huda ɗan rami a tsakiyarsa, ta yadda duk lokacin da kika ɗora kika kewaye shi da alli girmansa ɗaya zai fito. Na biyu, ki kafa wa bargon ginshiƙansa da zare tun kafin ki fara. Ki ninke yadin sama biyu ta tsawo, ki sake ninkewa ta faɗi, ki sami tsakiyarsa, sannan ki bi waɗannan layuka biyu da dogon ɗinki na wucin gadi da zare mai launi dabam, kowane taku kamar santimita 2. Ki yi haka ga layukan da suka tashi daga kusurwa zuwa kusurwa, da layin da ya raba tsakiyar bargon da bakinsa. A duk inda fure zai zauna, ki ɗaura ɗan guntun zare a daidai cibiyarsa. Idan kin zo wurin, sai ki ɗora kwalin, ramin ya hau kan guntun zaren, ki kewaye da alli. Zare ba ya gogewa ko da bargon zai shekara a ninke, kuma idan kin gama cire shi ba ya ɗaukar rabin sa'a.

Idan akwai wani zane mai sarƙaƙiya wanda dole sai an zana shi a kan tebur mai tauri kafin a haɗa da auduga, kamar igiya mai murɗe da ke kewaye bakin bargo, to ki zana shi da allin, amma a ranar ki bi layin da wannan dogon ɗinki. Aiki biyu ne, ban musa ba, sai dai ya fi sauƙi a kan kwana biyun da kika yi kina zane sau biyu. Ki yi amfani da zaren auduga mai haske wanda ba ya zuba. Jan zare mai araha yakan bar ɗigon ja a duk ramin da ya bi idan gumi ya taɓa shi.

Akwai kuma gyaran da za a yi wa yadin da allin kansu. Sabon yadi yana zuwa da wani santsi da masaƙa ke sa masa don ya yi sheƙi a kanti, kuma wannan santsin shi ne babban abokin gabar alli. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shata layi a kan sabuwar shadda, ko a kan baƙin yadin da aka rina da shuni aka buga har ya ɗauki ƙyalli, ya san yadda allin ke zamewa. Ki wanke yadin auduga ki goge shi kafin ki zana, za ki ga ya fi kama gari, kuma ya gama shan ruwansa tun kafin a ɗinke shi. Yadi mai roba-roba da sheƙi, wanda ake yawan yin zannuwan gado da shi yanzu, wanki ba ya canza masa hali, don haka a kansa zare ne kawai abin dogaro.

Allin tela iri biyu ne, ko da yake a kasuwa a kwali ɗaya za ki gan su. Akwai na yumɓu, wanda yake barin gari a yatsa, akwai kuma mai kaki, wanda in kin shafa za ki ji shi kamar kyandir. Mai kakin ya fi daɗewa a kan yadi nesa ba kusa ba, amma an yi shi ne domin yadi mai kauri irin na ulu da ake kwat da shi, inda zafin guga ke narkar da shi ya ɓace cikin gashin yadin. A kan auduga mara kauri yakan bar layin maiƙo. Na yumɓun shi ne naki. Ki riƙa fere bakinsa da reza ko gefen almakashi har ya yi kaifi, domin siririn layin da aka danna ya shiga tsakanin zare ya fi daɗewa a kan faffaɗan layin da garinsa ke kwance a sama. Tun da yadinki mai duhu ne, akwai abin da ya fi alli a cikin banɗakinki, wato guntun farin sabulun da ya sirance ya bushe har bakinsa ya zama kamar wuƙa. Layinsa yana fitowa fari tas a kan shuɗi, hannu ba ya goge shi da wuri, kuma wankin farko yake tafiya. Ki zaɓi sabulun wanki ko na wanka mara launi, ki guji mai yawan mai da ake cewa yana gyara fata.

Game da maganar maƙwabciyarki ta farko, tana da gaskiya. Abin feshin gashi yana ɗauke da wani ɗan danƙo da ke narkewa a ruwa, idan ya sauka a kan alli sai ya manne garin a wurinsa, kuma masu ɗinkin bargo a Amurka da Turai suna amfani da wannan dabara. Sharuɗɗanta dai suna da yawa. A nemi mai araha wanda ba a haɗa shi da mai ko abin sa sheƙi ba. A riƙe gwangwanin nesa da yadi kamar santimita 30, a yi feshi sau ɗaya mara nauyi, domin in aka matso kusa iskar feshin ce za ta fara kwashe garin, in kuma aka jiƙa shi layin ya bazu. A bari ya bushe sarai kafin a taɓa. A yi shi a tsakar gida, nesa da murhu ko risho, saboda yana kama wuta. Bayan haka wajibi ne a wanke bargon idan an gama, kuma za ki ji allura tana ɗan danƙo a hannu, sai kina goge ta. Sitacin feshi na guga ma yana yin wannan aikin, sai dai bargon da aka ajiye da sitaci ba a wanke ba yana kiran kyankyasai. Ni dai ba na kai hannu ga feshi sai in zanen ya zama dole ya kwana uku ko huɗu.

Ko wanne kika zaɓa, ki fara gwada shi a ƙyallen da ya rage daga yadin. Ki ja layi da kowane alli da kike da shi, ki fesa wa rabi, ki bar rabi, ki bar shi ya kwana biyu, ki sa guga a gefe ɗaya, sannan ki wanke ki shanya ki duba a rana. Ina nanata wannan ne saboda na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na zana wa wani farin bargon jariri taurari da rawayan alli, da na gama sai na ga ya yamutse, na ɗora masa dutsen guga kafin in wanke. Zafin ya dafa launin a cikin zaren. Na wanke shi sau huɗu, na jiƙa shi ya kwana, amma duk tauraro yana nan da rawayan kewaye kamar an shafa masa kurkum, kuma ranar suna sai wani abin na saya na kai. Farin alli gari ne kawai, mai launi kuwa gari ne da rini, kuma rawaya da ja sun fi kowanne taurin kai.

Bargon da ke hannunki yanzu bai ɓaci ba. Ki shimfiɗa shi da safe kusa da ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, za ki ga ragowar shatin da ba ki gani da fitila. Ki bi cibiyar kowane fure da guntun zare, ki yanki kwalinki daidai da siffar furen da kika riga kika ɗinke, ki ci gaba daga tsakiya zuwa waje. Idan za ki tashi, ki naɗe shi kamar tabarma, fuskar zanen tana ciki, kada ki ninke.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ni da keke nake ɗinka nawa. Ina da roba mai hudajjen zane, ina ɗaure garin alli a tsumma ina bubbuga shi a kai. Zanen yana fitowa da kyau, amma da na fara taka keke sai garin ya yi ta tsalle, kafin in kai ƙarshen layi ya ɓace.
Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Bubbugawar ce ta jawo miki. Idan aka buga, gari mai yawa ne ke zuba ta ramukan ya taru a saman yadi, girgizar keke kuwa ba ta barin abin da ke kwance a sama. Ki riƙa shafawa maimakon bugu: ki danne robar da hannu ɗaya, ki ja ƙullin garin a kanta sau ɗaya ko biyu da ɗan ƙarfi, ta yadda kaɗan ne zai shiga, kuma ya shiga cikin saƙar. Ƙyallen tawul ko soso mai laushi ya fi tsumma yin wannan. Wasu suna ɗan shafa wa yadin danshi da tsumman da aka matse sosai kafin su ɗora robar, garin yana kamawa, amma da farin gari kawai za a yi haka. Kamfanin Hancy na Amurka yana yin wani farin gari na musamman domin wannan aiki, wanda ya fi alli riƙe yadi kuma zafin guga ke ɓatar da shi, sai dai ki lura cewa shuɗin garinsu ba a sa masa guga, gogewa ko wankewa ake yi.

Ga mai keke akwai hanyar da ba ta bukatar alli sam. Ki zana furen a kan takarda mara kauri, irin wadda ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ki manna ta a kan bargon da fil, ki bi layin da keke ta kan takardar, sannan ki yage ta. Ki ɗan rage tsawon takun ɗinkin domin takardar ta tsage cikin sauƙi, kuma ki yi zanen da abin da ba zai bi allura ya shiga yadi ba, domin baƙin fensir yakan ɓata farin zare. Idan miƙaƙƙun layuka ne, salatif na takarda da masu fenti ke amfani da shi ya wadatar: ki manna, ki ɗinka a gefensa, ki ɗaga ki matsar. Kada ki bar shi ya kwana, musamman da bazara, saboda danƙonsa yana narkewa ya zauna a yadi.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai aikin babbar riga ne da hannu, kuma mu da tawada ake zana mana aska takwas da tambari, ba mu taɓa samun matsala ba. Yanzu matata ta fara ɗinkin bargo, na ga ana sayar da wasu alƙaluma da ake cewa tawadarsu tana ɓacewa. Shin ba su fi alli ba?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Bambancin aikinku da nata shi ne naku zaren yana cike zanen ya binne tawadar, nata kuwa ɗinki ne guda ɗaya siriri da ke bin layi, aikinsa ya haɗa yadi da auduga da shafi. Ya fi kama da ɗinkin lifidin da ake gani a jikin dawakai ranar hawan Sallah, inda layin ɗinki ke fili kowa yana ganinsa. Saboda haka duk abin da za ta zana da shi dole ya fita.

Alƙaluman iri uku ne. Mai shuɗiyar tawada da ruwa ke wankewa shi ne ya fi dacewa da farin yadi ko mai haske, kuma yana iya jiran ta har ta gama. Sharaɗinsa kada guga ko zafin rana mai tsanani ya taɓa shi, kuma a fara tsoma bargon gaba ɗaya cikin ruwan sanyi zalla kafin a sa sabulu, domin wasu garin sabulun suna mayar da layin ruwan ƙasa ya zauna. Shafa masa jiƙaƙƙen tsumma kawai ba ya isa, tawadar takan gudu cikin auduga ta dawo idan ya bushe. Mai ruwan shanshanbale da iska ke ɓatarwa yana tafiya da kansa cikin kwana ɗaya zuwa uku, da damina kuwa yakan ɓace cikin sa'o'i, don haka na zama ɗaya ne kamar alli. Na uku shi ne FriXion na kamfanin Pilot na Japan, wanda tawadarsa ke ɓacewa idan zafi ya kai kimanin digiri 60. An yi shi ne domin takarda. Tawadar ba fita take yi ba, launinta ne ke ɓuya, yana kuma dawowa a sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili, sannan a kan yadi mai duhu yakan bar farin layi mara fita. A ƙasarmu akwai ƙarin haɗari, domin bargon da aka bari cikin rufaffiyar mota da rana a watan Afrilu zai iya rasa zanensa tun ba a ɗinka ba. A kan yadi mai duhu ta tsaya ga farin alli ko sabulu.

TAMBAYA: Anti, na gama nawa bargon, amma shatin shuɗin alli ya ƙi fita daga ƙarƙashin ɗinkin. Ban sa masa guga ba tukuna.
Daga wata ɗaliba a Kumasi.

AMSA: 'Yata, kin kyauta da ba ki sa guga ba, kuma kada ki sa har sai ya fita. Ki fara da busasshen buroshin haƙori mai laushi, ki bi layin a hankali ki kakkaɓe, domin ruwa a kan gari mai yawa yana mayar da shi fenti. Bayan haka ki goga masa ƙyallen yadin da kika yi bargon da shi. Abin da ya rage ki haɗa farin ruwan tsami na kwalba, wanda ake sa wa salak, da ruwan sanyi daidai wa daida, ki gwada a bayan bargon ki tabbatar launin yadin bai zuba ba, sannan ki riƙa dangwala shi da farin tsumma a kan layin, kina dannawa ba tare da cuɗawa ba. Daga nan ki jiƙa bargon duka a babban baho da ruwan sanyi da ɗan sabulu mara bilic, ki matse shi da tafin hannu ba murɗawa, ki ɗauraye sau biyu, ki shimfiɗa shi a inuwa a kan tsabtatacciyar tabarma, domin jiƙaƙƙen bargo yana da nauyin da zai iya tsinka ɗinki idan aka rataye shi a igiya. In da sauran alama bayan ya bushe, ki maimaita tun daga ruwan tsamin.